Mu muka kai su sha biyun dare, mu kuma muka ɗauko bulala da asuba

Bara, daren Lahadin da za a wayi gari a koma makaranta, sai wajen sha ɗaya da kwata na shigo gida da ledar tsire a hannu, na tarar da falo kamar gidan biki. Babban yana kwance kan kafet da wayar uwarsa yana kallon 'yan ƙwallo, ta tsakiyar tana gaban talabijin, auta kuma da bai wuce shekara biyar ba sai tsalle yake daga wannan kujera zuwa waccan, ido tar kamar ƙarfe goma na safe. Na buɗe tsiren kowa ya matso, aka ci aka sha ruwa aka ɗan taɓa hira, sai da sha biyu ta gota sannan gidan ya yi tsit. Da asuba ina dawowa daga masallaci na hau buga ƙofa ina faɗa, ku tashi yau makaranta, wane irin barcin asara ne wannan. Babban ya tashi zaune ya sake kifewa, ta tsakiyar ta fara kuka wai takalminta ya matse ta, auta ko motsi bai yi ba. Har na kai hannu kan wayar caja zan zabga wa babban, sai mamansu, tana juye ruwan zafi a bokiti ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce "Malam, jiya ƙarfe nawa ka kawo musu tsire?"

Na mayar da wayar cajar inda na ɗauko ta. Ranar bakwai da rabi ta yi mana a gida, da muka isa an rufe get, na bar su a layin 'yan makara ina ji mai gadi yana cewa kowa ya durƙusa.

Tun daga ranar nake ta juya maganar nan a raina, kuma da na fara lura sai na ga ba gidana kaɗai ba ne, kusan duk layinmu haka ake. Hutun ƙarshen shekara a yawancin jihohinmu yana farawa wajen ƙarshen Yuli ya kai farkon Satumba ko tsakiyarta, sati shida ko bakwai yaro yana kwana lokacin da ya ga dama yana tashi lokacin da rana ta dame shi, babu wanda ya ce masa kanzil, sannan a dare ɗaya muna so ya koma yaron da yake tashi biyar da rabi ya yi wanka da ruwan sanyin damina ya sa yunifom ya zauna a aji yana gane lissafi. Yaro fa ba janareta ba ne da za ka ajiye shi wata biyu ka zo ka ja igiya ya tashi. Kai ko janaretan ma in ya daɗe a ajiye sai an wanke masa fulogi.

Abin da muke kira shirin komawa makaranta gaba ɗayansa shirin aljihu ne, kuma wallahi ba na raina shi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi bai sauko ba, mai Adaidaita Sahun da yake kwasar yaran unguwa ya ƙara kuɗi, makaranta ta ƙara, littafin rubutu ya ƙara, fensir ma ya ƙara. Magidanci zai shiga Kantin Kwari neman yadin yunifom, ya zaga Sabon Gari neman littattafai da jaka, in abin bai kai ba ya gangara Ƙofar Wambai ya duba takalmin gwanjo, ya dawo ya yi ta sintiri wajen tela da ya yi masa alkawarin Alhamis sau uku. Mutumin da yake cikin wannan in ka ce masa ya zauna ya tsara lokacin barcin yara zai kalle ka kamar ka zage shi. To amma abin da na gane shi ne a cikin duk shirin nan wannan ɗin ne kaɗai ba ya cin ko sisi, kuma shi ne muka fi bari sai daren ƙarshe, alhali mu ne masu cewa ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗan yi lissafi. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni a 2016, yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. In ɗan firamare zai tashi biyar da rabi, mafi ƙarancin abin da zai ishe shi shi ne ya yi barci takwas da rabi, barci fa na ce, ba ya hau katifa yana wasa da ƙaninsa ba. A Kano cikin Satumba ana idar da isha'i wajen ƙarfe takwas. Ka ga ke nan tsarin da iyayenmu suka taso mu a kai, a yi isha'i a ci tuwo a ɗan yi tatsuniya a shige, shi ne dai likitocin suka zagayo suka faɗa da alƙaluma. Malamai ma suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta, kuma ya yi wa al'ummarsa addu'ar albarka a sammakonta. Mun haddace, muna ma turawa a gurup ɗin WhatsApp, ƙarfe ɗayan dare.

Kuma jiki yana da agogonsa da ba ya jin tsawa. Duk wanda ya taɓa tarar alhaji sabon dawowa ya sani, tsakaninmu da Saudiyya awa biyu ne kacal, amma sai ka ga bawan Allah kwana uku yana farkawa ƙarfe ukun dare yana gyangyaɗi da magariba, kowa yana ce masa sannu Alhaji, gajiyar hanya ce, a bar shi ya huta. Yaron da ya saba kwanciya sha biyu aka ce yau takwas da rabi, awa uku da rabi aka matsar masa, ya fi na alhajin, shi kuma babu mai ce masa sannu sai dai ya ji dorina. Ko ka kashe fitila ka kora shi ɗaki zai kwanta ne kawai yana kallon silin, barcin ba zai zo ba don jikinsa bai san dare ya yi ba. Shi ya sa masu ilimin abin suke cewa a riƙa ja da baya kaɗan-kaɗan, minti sha biyar ko ashirin kullum, a fara tun saura kwana goma ko sati biyu. Ni da na gwada sai na ga lokacin tashi ya fi lokacin kwanciya sauƙin kamawa, don ba ka iya sa yaro barci dole amma kana iya tashinsa. In ya tashi sallar asuba kar a bar shi ya koma, a samo masa abin yi a tsakar gida inda hasken safiya zai doke shi, shara ce, ɗibar ruwa ce, aiken ƙosai ne bakin titi, da rana kuma in zai rama kar ya wuce ɗan gajeren ƙailula. Kwana biyu na farko za a sha ƙunƙuni da kumbure-kumbure, a na uku da kansa zai ɓingire a kan tabarma ana cikin cin tuwo.

Wannan komawa barcin bayan asuba shi ne babban abin da hutu yake shuka wa yaranmu. Da yawansu suna tashi sallah ai, iyaye suna ƙoƙari a nan, amma ana sallamewa kowa ya koma bargo sai goma ko sha ɗaya, musamman in an kwana ana ruwa gari ya yi luf. Wannan barcin na biyu shi jiki yake nema ranar Litinin daidai lokacin da malami yake rubutu a allo.

Yanzu bari in zo kan 'yan uwana maza, don a nan maganar take, kuma laifi tudu ne, na daɗe ina taka nawa ina hango na yara. A gidajenmu da yawa an ɗauka tarbiyyar yau da kullum aikin uwa ce, maigida nasa ya biya kuɗin makaranta ya ajiye na cefane ya fita. Da dare yana majalisa, ko gidan kallo tunda gasar Ingila a Agusta take dawowa, ko dai yana zaune kan benci a ƙofar gida yana ta dannar waya, sai ya shigo goma da rabi ko sha ɗaya, kuma a lokacin ne yaran za su gan shi a karon farko tun safe. To ya za a yi su yi barci? Yaro yana son ubansa, yana jiran ƙarar babur ɗinsa, yana jiran ledar da zai shigo da ita, ko da uwa ta kora su ɗaki kunnensu yana ƙofa. Uwa ta yi ta fama tun bayan isha'i ta samu sun fara lumshe ido, uba ya shigo da sallamarsa da ƙarfi da "ina auta na", shi ke nan aikin awa biyu ya rushe. Da safe kuma shi ne mai faɗan an bar yara sun sangarce. Ni na yi, shi ya sa nake faɗa babu kunya.

Haka maganar waya. Kana kishingiɗe kana kallon TikTok da ƙarar da maƙwabta ma suna ji, kana ce wa ɗan shekara goma ya ajiye ta uwarsa ya je ya kwanta. Zai ajiye don tsoronka, amma ya riga ya gane cewa dokar ta marasa ƙarfi ce, ranar da ya samu dama a ƙarƙashin bargo zai rama. Ni ban yarda da masu cewa a ƙwace waya da rimot gaba ɗaya ranar Lahadi ba, wannan rigima kawai yake haifarwa, an bar mutum sati shida yana sha sannan a yanke masa rana ɗaya. A fara ragewa tun da wuri, a ce daga magariba babu, kuma dokar ta hau kan kowa har mai gidan, ko da na awa ɗaya ne a gabansu.

Na san akwai abin da ya fi ƙarfin mutum. Unguwanni da yawa sai dare ya raba ake kawo wuta, ana kawowa kuwa gida ya tashi, mai guga ta jona, masu caji su yi layi, a kunna famfo, yara su ruga gaban talabijin don rabonsu da ita tun shekaranjiya. Wanda yake ɗaki ɗaya da iyalinsa a gidan haya ba shi da inda zai kai yaro ya kwanta a rufe masa ƙofa, ga zafi ga sauro ga janaretan maƙwabci. Irin shawarwarin da ake kwafowa daga intanet, wai a rage hasken ɗakin yaro a sa masa labule mai kauri a karanta masa littafi a gefen gadonsa, wanda ya rubuta bai taɓa kwana su bakwai a ɗaki ɗaya ba. Amma ko a ɗaki ɗaya ana iya cewa in an kawo wuta a yi guga a yi caji, talabijin dai ba za a kunna ba. Ana iya ɗaura gidan sauro tun magariba, wanda ma dole ne, don daga Agusta zuwa Oktoba ne zazzaɓin cizon sauro ya fi kwantar da yara, kuma babu abin takaici kamar ka gama biyan kuɗin zango yaro ya yi satin farko a gadon asibiti ana masa ƙarin ruwa.

Sai ciki. Wannan ban taɓa tunaninsa ba sai da maman yara ta nuna min. A hutu karin kumallo sai sha ɗaya, ɗumame ne ko shayi da burodi ko a jira mai awara ta fito, saboda haka cikin yaro ya saba ba ya karɓar komai da sassafe. Ranar makaranta a miƙa masa koko da ƙosai shida da rabi ya ce ya ƙoshi, a yi masa faɗa ya kurɓa sau biyu ya ajiye, ƙarfe tara yunwa ta murɗe shi a aji, kuɗin taran da aka ba shi kuma ya tafi a alawa da ƙanƙara. Har lokacin shiga bayi ma hutu yana canzawa, kar ku yi dariya, wanda yake gidan haya mai bayi ɗaya da mutum ashirin ya san abin da nake nufi, layin safiyar Litinin kaɗai ya isa ya sa yaro makara. In an fara ba su abin kari da wuri tun saura sati, duk wannan yana daidaita da kansa.

Akwai masu ganin maganin duk wannan shi ne lesin ɗin hutu. Ni dai ina da ja. Gaskiya ne yara suna mantuwa, a Amurka wani masani Harris Cooper da abokan aikinsa sun tattara bincike da dama a 1996 suka ga dogon hutu yana cinye kimanin karatun wata guda, kuma lissafi ya fi shan wahala. Amma lesin ɗin da yawancin makarantun kuɗi suke yi a nan, mu faɗi gaskiya, hanyar samun na cefanen malamai ce a watan da babu kuɗin makaranta, ban kuma ga laifinsu ba in ka san albashin da ake ba su. Yaron da ya yi zango uku yana fita bakwai ya dawo biyu ya wuce Islamiyya huɗu zuwa shida, in aka sake cusa shi aji cikin Agusta yaushe zai je gidan kakarsa, yaushe zai yi wasan ƙasa, yaushe zai koyi wanke kwano? Abin da na ga yana aiki bai kai haka wahala ba. Saura sati biyu a zazzage jakar bara, a ciro littattafan da ɓera bai ci ba, kullum bayan karin safe a zauna minti ashirin, ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ya rubuta layi biyar don hannu ya tuna fensir. Lissafi kuma a aike shi shago da dubu ɗaya a ce ya faɗi canjin kafin ya fita. Ɗiyata a nan na gane jadawalin bakwai ya gudu gaba ɗaya, na takwas kuwa kamar ba su taɓa haɗuwa ba.

Wani abin da muke da shi kuma ba ma lura da darajarsa shi ne Islamiyya da makarantar allo. Yaran da suka ci gaba da zuwa cikin hutu, musamman masu ta safe, ba sa shan wahalar komawa boko kamar sauran, don ranarsu ba ta taɓa zama babu kai babu gindi ba. Waɗanda suka fi jigata su ne 'yan tafiya hutu. A kai yaro gidan kaka ko gidan gwaggo a wani gari, can kuwa babu mai ce masa bari, kaka cewa take ku ƙyale min miji na ya huta, sannan don a ci hutun har ƙarshe sai ranar Lahadi da yamma za a sako shi a mota, ya iso da daddare a gajiye da ƙurar hanya, yunifom bai gwada ba, aski bai yi ba, 'yan mata kitso sai a tsakar dare ana yi ana kuka. Don Allah a dawo da su saura kwana biyar ko sati. Kaka za ta yi ƙorafi, a ba ta haƙuri a ce za su dawo hutun Disamba.

To amma kar a ce duk laifin na iyaye ne, makarantu ma suna da nasu kason, kuma babba. Me ya sa iyaye ba sa ɗaukar ranar komawa da muhimmanci? Saboda kowa ya san satin farko ba a karatu. A makarantun gwamnati da yawa yaro zai je ranar Litinin a ce gobe ya zo da tsintsiya da fartanya, damina ta cika fili da ciyawa, azuzuwa sun yi ƙura, wani rufin ya yaye, sati guda ana shara da nome, rabin malamai ba su dawo ba, jadawalin darasi bai fito ba. Uban da ya biya kuɗin mota kwana biyar don ɗansa ya je ya yi noma, zango na gaba cewa zai yi bari sai sati na biyu. Malamai kuma su ce ai yara ba su cika ba, ba za mu fara ba. Kowa yana jiran kowa, a haka sati biyu za su tafi a zangon da bai fi sati goma sha uku ba. Ga kwamitocin SBMC, wato na mutanen unguwa masu sa ido kan tafiyar da makaranta, da aka kafa a makarantu, ga ƙungiyar iyaye da malamai, me zai hana a yi gayyar share makaranta ranar Asabar kafin a koma, matasan unguwa su fito da fartanya, ranar Litinin a shiga aji kai tsaye ko da za a tashi sha biyu a satin farko? Makarantun kuɗi kuma nasu salon daban, ranar farko mai gadi yana tsaye da takarda a get yana tantance wanda ya biya, yaron da aka sha fama aka taso shi da asuba a juyo da shi gida a gaban abokansa. Wannan yaron gobe da wane ƙwarin gwiwa zai tashi? Ku kira uban a waya mana, shi ya ci bashin.

Hukumomin ilimi su ma su taimaka su riƙa tsayawa kan ranar da suka sa. In an fitar da kalanda tun farkon shekara a bar ta, in dole ta sa za a ɗaga a faɗa da wuri, ba daren Juma'a a ji a rediyo ba. Akwai lalurar da babu yadda za a yi, kamar ambaliyar da ta ci Maiduguri a Satumban 2024 bayan fashewar madatsar Alau, makarantu suka koma matsugunin mutane, ko Nijar da ta ɗage komawa makaranta a shekarar zuwa ƙarshen Oktoba saboda ruwa. Wannan kowa ya fahimta. Wanda ba a fahimta shi ne ɗagewar da babu dalili sai rashin shiri.

Akwai kuma yaran da duk wannan maganar tawa ta barci da waya ba ta shafe su ba, kuma su suka fi yawa. Yaron ƙauye a hutun damina tun duku-duku yake gona, ba ya buƙatar kowa ya koya masa sammako. Matsalarsa ita ce ana komawa makaranta daidai lokacin da gero ya nuna, bayansa ga gyaɗa ga wake, uba yana buƙatar hannu, saboda haka ajin ƙauye ba ya cika sai an kai amfani gida. A birni kuma yarinyar da ta yi sati shida tana tallan dafaffiyar masara ko gyaɗa tana kawo wa uwarta ciniki kullum, da yaron da aka kai gareji ko shagon ɗinki ko kasuwar waya ya fara jin ɗumin 'yan canji a aljihunsa, komawarsu aji asara ce da gidan zai ji a tukunya. UNICEF ta daɗe tana maganar yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa, dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 kuma ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Ni a ganina da yawan yaran nan ba rana ɗaya aka yanke shawarar cire su ba, hutu ne aka tafi ba a dawo ba, a ce sai an gama girbi, sai an samu kuɗin yunifom, sai sati mai zuwa, har zango ya raba a ce to bari sai sabuwar shekara. Mun gani da idonmu lokacin korona, da aka rufe makarantu daga Maris zuwa wajen Oktoban 2020, a layinmu kaɗai akwai waɗanda tun daga nan ba su sake sa yunifom ba, wata an yi mata aure, wani yana jan Adaidaita. Da mai unguwa da liman da hedimasta za su riƙa zama saura sati a koma, a yi sanarwa a masallaci ranar Juma'a, a bi gidajen da aka san akwai rauni, a yi wa mai sana'a tsarin zuwa shago bayan an tashi, da an tsare da yawa. Ba kuɗi wannan yake ci ba, kunyar ido ce kawai, kuma mu mutane ne masu jin kunyar ido.

Abu ɗaya da na kusa mantawa. Wani yaron in ya ce cikinsa yana ciwo safiyar Litinin ba ƙarya yake ba kuma ba zazzaɓi ba ne, tsoro ne. Sabon aji, sabon malami da aka ce yana da zafin hannu, wani ƙaton da yake ƙwace masa kuɗin tara, ko an bar shi a aji ɗaya abokansa sun wuce. Mu ba mu saba tambayar yaro me yake ji ba, muna ganin shagwaɓa ce. Ta tsakiyar tawa da take kukan takalmi bara, ashe takalmin ya matse ta da gaske, ƙafa ta ƙaru cikin hutu babu wanda ya duba, amma daga baya a bakin uwarta na ji cewa har da fargabar an raba su aji da ƙawarta. Da na ɗauke ta a babur saura kwana uku mun bi ta ƙofar makarantar, mun tsaya ta leƙa, mun yi hirar a hanya, da ta faɗa min.

Bana saura kwana goma sha biyu muka fara. Na ce wa 'yan majalisa za su riƙa ganina bayan la'asar amma daga isha'i na shige, aka yi ta min tsiya wai an kafa min dokar ta-ɓaci a gida, wani ya ce Hajiya ta karɓe makullin babur. Tsire in zan saya kafin magariba nake saya. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba, daren Laraba an kawo wuta sha ɗaya saura na farka na tarar da babban ya lallaɓa falo ya rage ƙarar talabijin, tela kuma har yanzu wandon auta yana hannunsa, ya ce Alhamis. An gwada takalma tun satin jiya, na ta tsakiyar ya koma wa 'yar ƙanwata, nata sabon na gwanjo ne amma da sauransa, na sa an ƙara lamba ɗaya saboda zango na biyu. Shekaranjiya ina kishingiɗe wajen tara saura ina duba sakamakon wasa, auta ya fito daga ɗaki da gidan sauro a wuya ya tsaya a kaina ya ce "Baba, Mama ta ce dokar har da kai." Na miƙa masa wayar ya kai kan firij inda ake tara su.